Faifan da Na Yi wa Inna Wakafi

Lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu aka dawo da mu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ni mai buga keken rubutu ce, kuma babu wadda ta fi ni sauri a ofishinmu, ko da yake akwai wata da har yau take musun haka. Kwamfutar farko da aka kawo mana lulluɓe ta aka yi da zane a kusurwa, kowa na gudun kada ta lalace a hannunsa. Ni na yaye zanen. Daga nan aka tura ni kwas, daga kwas na koma koyarwa, har na zama malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, muna zaune da maigidana a Gwadangaji. Abin da zan faɗa ya faru ne jihar na dosar shekara goma sha biyar, a shekarar da Inna, mahaifiyata, ta rasu.

Kwamfutocin da ake raba wa makarantu a lokacin tsofaffi ne, waɗanda wasu suka gama cin moriyarsu. Babbar manhajar da ke tafiyar da su ta kamfani ce, kuma kusan kowa kwafin bayan fage yake sawa, yau ta yi aiki, gobe ta cije. Ana cikin haka wani tsohon abokin aikina da ya tafi ƙaro karatu waje ya aiko mini da faya-fayai ta gidan waya. A ciki akwai wata babbar manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar asalin rubutun a buɗe, suka kuma rubuta izini ƙarara cewa kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wanda yake so. Na yi wata uku ina kokawa da ita a ɗakin kwamfutarmu. Da ta ga ba zan gudu ba, sai ta bi.

Masu wannan manhaja mutane ne masu tsantseni, har ya kan yi yawa a ganina na lokacin. Sun kasa kayansu rumbu biyu. Rumbu na farko na abin da yake buɗe ne, wanda ka ga asalinsa kuma an yarje maka ka raba. Na biyu yana gefe, sun rubuta a ƙofarsa cewa abin da ke ciki na kamfanoni ne, ba sa cikin kyautar, mai so ya shiga da saninsa. Ni kuwa na ce wannan iyayi ne na mutanen da wuta ba ta ɗauke musu. Mu da muke fama da injin da ke tari, ina ruwanmu da rumbu biyu.

Abin da ya fi ba ni wahala firinta ce. Firintocin da aka raba wa makarantu ƙanana ne masu araha, kuma arahar tana da dalili, domin ba su da karatun kansu. Duk lokacin da aka kunna firinta, sai kwamfuta ta tura mata wani ɗan fayil da zai zauna a cikinta ya nuna mata yadda za ta yi aiki, in aka kashe wuta ya gushe, gobe a sake turawa. Masu sana'a suna kiran irin wannan fayil famwaya. In babu shi firintar akwati ce kawai. Na duba rumbu na farko babu shi, na duba na biyun ma babu. A cikin faifan kamfani da ya zo a kwalin firintar makarantarmu na same shi, a ɓoye can cikin wasu fayiloli, kuma sai da na yi sati biyu kafin na gano yadda ake zaro shi. Ranar da firintar ta fitar da takarda ta farko, na zagaya ɗakin malamai da ita a hannu, har mai koyar da lissafi ya tambaye ni ko ƙarin girma na samu.

Inna ta rasu da farkon damina. Bayan an share makoki, yayana ya haƙa rijiya da sunanta a ƙauyenmu kusa da Zauro, ƙanena ya shimfiɗa wa masallacin unguwa tabarmi. Ni na rasa abin da zan yi wanda zai zama daga gare ni. Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da na gama makaranta, kuma duk inda ta zauna sai ta faɗa wa mata cewa ɗiyarta tana magana da ƙarfe yana amsawa. Sai na ce to, da abin da ta tsaya mini na koya zan yi mata sadaka mai gudana.

Na haɗa faifai nawa na kaina. Na rage wa manhajar nauyi don tsofaffin injina su iya ɗauka, na sa abin rubutu da na lissafi da haruffan Larabci, na kwaso duk wata famwaya da na san injinan makarantu suna bukata daga rumbunan nan biyu na zuba wuri ɗaya, na ɗora ta firinta a kai. Malami ya sa faifai, ya danna sau uku, komai ya tashi. Na kwafi guda goma sha bakwai, na rubuta a bayan kowanne da alƙalamin maka: Wakafi ne, kowa ya kwafa ya ba wani, a sa mahaifiyata a addu'a, sannan sunanta. Na raba su makarantu daga Birnin Kebbi har Argungu da Augie.

Sai bayan na gama rabo na kai wa Kawu labari. Kawu yayan Inna ne, malami ne da ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa a tsohon gari, kuma bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Yabo na je nema, ba na ɓoyewa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa faifan makarantarmu. Ya juya shi, ya sa na karanta masa rubutun bayan.

Ya ce, "Ɗiyata, abin da ac cikin faifan ga, duka naki na?"

Na ce, "Ba nawa ba na, Kawu, amma masu shi sun bar ma kowa, sun rubuta."

Ya ce, "Madalla. Ruwan gulbi na kowa na. Wadda taɗ ɗebo da tulunta, in ta ba mai ƙishirwa ta yi sadaka. Amma in ta biya gidan mutane ta kamfato randarsu ta zuba bisa, mi anka yi ke nan? Shi ni ka tambayarki. Duka na gulbi na?"

Na ce duka. Na faɗa da sauri, kuma ya ji saurin.

Ya miƙo mini faifan ya ce, "Ki koma ki duba, ki dawo ki hwaɗa min. Ba a wakafi da kayan wani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Na fito raina a ɓace. A cikin keke mai ƙafa uku har Gwadangaji ina ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi. Da na isa gida na zazzage wa maigidana, na ce yayana ya haƙa rijiya ba wanda ya tambaye shi ko ƙasar tasa ce, ni na yi abin da ba mai iyawa a garin nan ana yi mini tambayar alƙali. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To, in duka na gulbi na, mi ya ɓata miki rai?" Ranar ban ba shi shayinsa da wuri ba.

Washegari da hantsi na buɗe ɗakin kwamfuta na sa faifan kamfanin firinta, na nemo doguwar takardar nan ta Turanci da ke fitowa da farko, wadda kowa ke danna na yarda ba tare da ya karanta ba. Na karanta ta layi-layi da ƙamus a gefe. Ta ce abin da ke cikin faifan na kamfani ne, an yarje wa wanda ya sayi firinta ya yi amfani da shi a kan firintarsa, ba a yarda ya kwafa ya raba wa wasu ba. Ban yi mamaki ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Tun ranar da na ga babu fayil ɗin ko a rumbu na biyu na san akwai dalili, na kau da kai ne don ina son faifaina ya zama mai danna uku. Yanzu ga sunan Inna a bayan faya-fayai goma sha bakwai, tare da umarnin a kwafa a raba abin da ba ni da ikon rabawa.

Na koma wurin Kawu bayan kwana biyu, wannan karon ba da kumbura ba. Kafin in je na bi famwayar da na zuba ɗaya bayan ɗaya na karanta izinin kowace, sai na tarar kashi uku ne. Akwai waɗanda masu sa kai suka rubuta suka bar su a buɗe. Akwai na kamfanoni da suka yarda a miƙa wa wani yadda suke, amma ba su nuna asalinsu ba kuma ba su yarda a gyara ba. Sai ta firinta, wadda ba a yarda da rabonta ba sam. Na yi masa bayani haka.

Ya ce, "Na hwarko shi an naki na bayarwa. Na biyu aro na, ki aje shi daban, ki rubuta masu shi, kak ki kira shi wakafi. Na ukku ki hid da hannunki. Waɗanda kika riga kika raba kuwa, ki bi su ki amso."

Na ce, "Kawu, kyauta ta hita hannuna, in koma in ce a maido? Mi za a ce da ni?"

Ya ce, "Abin da ba naki ba, ba ki bayar ba balle ki amshe. Kunya kuwa za ki ji ta. Ki ji ta nan ya hi."

Aikin tantancewar ya ci mini sati uku, duk lokacin hutun tara da bayan tashi kafin la'asar. Na warware faifan gaba ɗaya na sake ɗaure shi, ya zama faifai biyu. Fari na wakafi, babu komai a ciki sai abin da na ga asalinsa da izininsa da idona. Na biyu na ja masa jan layi, na rubuta cewa na kamfanoni ne, sun yarda a miƙa, ba wakafi ba ne. Sai matsalar firinta, domin in na cire fayil ɗin na bar makarantu da akwati. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin daɗin kaina. Kowace firinta ta zo da faifan kamfani a kwalinta, kuma makarantar da ke da firinta tana da haƙƙin fayil ɗin. Sai na rubuta ɗan gajeren umarni na sa a farin faifai, wanda in an zo kan firinta zai tsaya ya rubuta da Hausa a allo: Saka faifan da ya zo cikin kwalin firintarku. In an saka, shi zai shiga ya zaro fayil ɗin ya ajiye inda ya dace. Abin da ya ci mini sati biyu, malami zai yi shi kafin shayinsa ya huce, kuma daga kayan makarantarsu, ba daga hannuna ba.

Na nemi izini a wurin aiki, maigidana ya ɗauke ni a motarsa muka shiga zagaye. Allah ya taimake ni, injinan makarantun ba sa iya kwafar faifai, don haka abin bai yaɗu ba. Amma kunyar da Kawu ya faɗa na ji ta. Ka shiga ofishin shugaban makaranta da ya yi maka addu'a wata biyu da suka wuce, ka ce masa ka zo karɓar abin da ka ba shi. Wani shugaba a Augie, wanda ya cika mana bayan mota da albasa tukwici a zuwan farko, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce, "To, Malama, albasarmu hwa?" Na ce masa mun cinye ta tun tuni, sai dai ya yafe. Ya yi dariya ya aika aka ɗauko kwalin firinta. Haka muka bi har na tara goma sha shida.

Na ƙarshe yana Argungu, a wata makarantar 'yan mata da wata Hajiya ke shugabanta. Mace ce dattijuwa, mai tsare gida, wadda malamanta maza ke gyara tsayuwa in sun ji takunta. Na yi mata bayani a tsanake, na ajiye farin faifai da mai jan layi a teburinta. Ta aika a ɗauko kwalin firinta daga sito. Kwali ya zo, da takardunsa da ledarsa, babu faifan kamfani.

Ta ce, "To kin gani. Wanga sabon naki ba ya tada firinta sai da faifan da ba mu da shi. Tsohon shina tada ta. Watan jiya wuta ta lalata muna injin, da shi munka maido komi. Jarrabawa saura sati guda, kuma ba ni kai tambayoyin ɗiyana shagon kasuwa a buga, kahin in dawo sun riga ni isowa makaranta. Ba ni ba ki shi."

Na ce, "Hajiya, firintar taku ta, fayil ɗin halas na gare ku. Abin da ba halas ba shi na in raba shi da sunan wakafi."

Ta ce, "Fayil ɗin da ac cikin faifan kamfani da wanda ac cikin naki, daban su ke?"

Na ce iri ɗaya ne, ko ɗigo bai bambanta ba.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Kin taso tun daga Birnin Kebbi don ki canza min abu da irinai?"

Na ji zuciyata ta taso, na danne. Na ce, "Hajiya, shinkahwar gonarki da ta gonar maƙwabcinki ɗanɗanonsu ɗaya, amma ba ki hid da zakka da tashi."

Ta mayar da tabarau. Sai ta faɗa mini abin da ban zata ba. Ta ce jibi ƙanenta zai tafi Sakkwato, ta riga ta yi masa magana ya kai faifan a kwafo mata guda goma ta raba wa makarantun ƙauyuka, tunda ni da hannuna na rubuta kowa ya kwafa. Ta ce ita lada take nema wa mahaifiyata, ba ta san laifi ba ne. In ya fita Sakkwato, na san ba zan ƙara iya bin sawunsa ba har abada. Na roƙe ta ta ba ni zuwa la'asar in nemo faifan kamfanin. Ta ce in na samo shi kuma ya tada firinta a gabanta, za ta buɗe aljihun tebur. In ban samo ba, kowa ya riƙe abin da ke hannunsa.

Muka juye sito, ni da ma'aji da maigidana, har ƙura ta rufe mini atamfa. Babu. Muna tsaye a bakin ƙofa na rasa abin yi, sai maigadin makarantar, wani tsoho da ke jin mu tun ɗazu, ya matso ya tambaya ko wani ɗan faranti muke nema mai ƙyalli, mai huda a tsakiya. Na ce shi. Ya sosa ƙeya ya ce ranar da aka share sito ya ga guda huɗu a cikin shara, ya ɗauka an zubar ne, ya kai gonarsa ta fadama ya rataye saboda tsuntsayen jan baki sun dame shi, kuma tun da ya rataye su tsuntsayen suka rage sauka.

Gonar tana bayan gari wajen gulbi. Mota ta kai mu inda za ta iya, sauran muka taka. Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, na tattare zane, na bi tsoho a kan kunya, laka na shiga tsakanin yatsuna. Shinkafa ta yi kai ta fara sunkuyawa. Tsohon ya ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a ciki da zaren tsohon kaset, ga faya-fayan nan huɗu suna juyawa suna walƙiya. Maigidana ya tsaya a tudu yana kallona, ya ce da ɗalibaina sun gan ni yanzu da sun ƙara girmama kwamfuta. Na uku da muka kwance shi ne. Rana ta cinye rubutun bayansa saura inuwar hoton firinta, kashin tsuntsu ya bushe a kai, ga zane-zane inda yake gogar sanda.

Muka dawo ofishin Hajiya azahar ta wuce. Na wanke faifan da ruwa, na aika aka sayo man goge haƙori, na shafa kaɗan a fuskar ina murzawa da gefen mayafina daga tsakiya zuwa baki, na ɗauraye na bar shi ya bushe. Hajiya na zaune tana sa hannu a takardu kamar ba ta gani. Na sa farin faifai a injin, na bi har inda allo ya nemi faifan kwalin firinta, na saka. Injin ya yi ta gurnani yana kamawa yana saki, sannan ya ce ya kasa karantawa. Na fitar na sake gogewa na mayar, ya sake kasawa. Hajiya ta dubi agogon bango.

A karo na uku na zauna na yi tunani. Umarnin nawa yana bin faifan ne tun daga farko, yana tuntuɓe da wuraren da suka lalace, alhali fayil ɗaya tak nake bukata, kuma na san mazauninsa kamar yadda na san ɗakin girkina. Na buɗe umarnin a nan gabanta na gyara layi biyu, na ce ya tafi kai tsaye wurin fayil ɗin, in ya kasa ya sake gwadawa kada ya haƙura. Na yi bisimilla na danna. Ya yi gurnani ya daɗe, har na fara karanta abin da ya zo bakina. Sai ya yi shiru, ya rubuta an gama. Na sa injin ya auna sabon fayil da tsohon, suka zo daidai. Na goge tsohon da ya fito daga faifaina, na kashe firinta na kunna. Fitilarta ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta ja numfashi, ta jawo takarda.

Hajiya ta karɓi takardar ta duba gaba da baya. Ta sa na kashe komai na sake kunnawa ta gani da idonta, sannan ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini faifan. Ta ce, "Taurin kanki ya yi yawa, Malama. Wa kika gado?" Na ce mai sunan da ke bayan faifan. Ta ce Allah ya jiƙanta, kuma goman da ta yi niyya a kwafo, farin za a kai. Faifan kamfani kuwa ta naɗe shi a hankici ta kulle, ta ce wanda ya sake share mata sito ba da saninta ba zai gamu da ita.

Na ji alfahari a ranar, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ba ni takardar kwas. Na shigo da laka har ƙwauri, na fita da abin da na zo nema, kuma ban bar yaran mutane ba firinta ba.

Saura tsoho maigadi da na raba da abin korar tsuntsunsa. A gida na zauna da tsofaffin faya-fayan nan goma sha bakwai, na karce fuskar kowanne da ƙusa yadda ba injin da zai sake karanta shi, na goge rubutun bayan da auduga da sifirit. Goge sunan Inna sau goma sha bakwai bai yi mini daɗi ba, na tsaya a tsakiya na yi kuka na ci gaba. Da maigidana zai koma Argungu wani aiki na ba shi su a leda ya kai wa tsohon. An ce ya raba wa maƙwabtan gonarsa biyar ya riƙe sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi wurin Kawu da farin faifai na asali, wanda daga gare shi nake kwafar sauran, bayansa ba rubutu. Na faɗa masa an amso duka, na faɗa masa abin da ke cikin wannan da inda kowane abu ya fito. Ya saurara yana gyaɗa kai, bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Na fito da maka zan rubuta a gabansa don ya shaida, sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi.

Ya riƙe makar kamar alƙalamin kara, ya ɗora faifan a gwiwarsa, ya fara daga dama yana bin zagayen a hankali da ajami. Da ya zo wurin suna ya tsaya, sannan ya rubuta. Na karɓa na karanta. Wakafi ne, an rubuta, da roƙon addu'a, amma sunan ba wanda na sani ba ne. Na ce, "Kawu, wanga suna hwa?"

Ya ce, "Shi muka kiranta da shi gidanmu, tun tana bi na gona tana kuka in goya ta. Duk waɗanda sunka san shi sun tahi, saura ni."

Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce a shigo da mai karatu na gaba. Na sa faifan a jaka na yi masa sallama, bai juyo ba. Na fito na tsaya a ƙofar zauren ina maimaita sunan a bakina don kada ya ɓace mini kafin in kai gida.